Batulu Mai Turke da Ragon Baba Soja

A Zangon Agege in ka ce Batulu, sai a tambaye ka wacce, don Batulu ba ɗaya ba ce. Amma in ka ce Mai Turke, har yau akwai tsofaffin da za su nuna maka inda gidan yake, can bayan layin dogo, inda kwanuka ke rawa a kan kanta duk lokacin da jirgin Kano zai wuce. Ita ta haifi kakarmu Zuliha, kuma daga bakin Zuliha labarin nan ya zauna a gidanmu.

Batulu ba ta taɓa ganin Arewa ba. A Ikko aka haife ta, a Agege ta yi wayo. Hausarta irin ta ubanta ce, ta Kano, amma in ranta ya ɓaci Yarabanci ke riga fitowa. Mijinta Uwaisu, mai ɗaurin huhun goro, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Da ta gama takaba sai ta tattara komatsanta ta koma gidan ubanta. Manema suka yi ta sallama, ta ce a gaya musu tsoho ɗaya ya ishe ta jinya.

Sana'arta turka. Takan je tasha ranar da taragon dabbobi ya iso, ta zaɓi ɗan ragon da tafiya ta kusa kashewa, wanda dillalai ke neman kai da shi, ta kawo gida ta kafa masa turke a inuwa. Daga nan sai dusa, sai harawa in ta samu, sai ɓawon doya da na rogo tunda Kurmi ake, sai ɗan jiƙon kanwa. Kafin shekara ta zagayo, wanda ya sayar mata ba zai gane dabbarsa ba. Tun tana ƙarama ta lura da wani abu game da masu sayen rago. Mai neman na layya, bayan rago yake fara dafawa, ya matsa ƙugu ya ji nama. Akwai kuma wani irin mai saye da ba ruwansa da baya. Shi goshi yake ƙwanƙwasawa, ya kama wuya ya girgiza. A lokacin ba ta ɗauki abin da zafi ba. Ciniki ciniki ne.

Ubanta Malam Audi, wanda duk Zango ke kira Baba Soja, ya yi wa Turawa aikin soja tun yana saurayi. Ya je Kumasi, ya je Kamaru, ya dawo da tabon harsashi a cinya da ɗan fanshon da ba ya kai wata. Daga baya yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Ba ya ba da labarin yaƙi, ko an roƙe shi. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, layya. Tun da ya ajiye kaki, Babbar Sallah ba ta taɓa wuce shi bai yanka rago da hannunsa ba. Ko da ya makance, sai a kama masa, a ɗora masa hannu a wuyan, shi ya ja wuƙar.

"Uwata," haka yake kiran Batulu, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "na zubar da jinin da Turawa suka ce in zubar. Bar ni in riƙa zubar da wanda Allah ya ce, ko a auna mini wannan da wancan."

Shekarar da abin ya faru, ana tsakiyar yaƙin duniya, wanda ake ce wa yaƙin Bama. Taragai duk sun koma ɗaukar soja da gyaɗa, dabbobi ba sa saukowa sai jefi-jefi, rago ya zama sai wane da wane. A turken Batulu guda ɗaya tal ya rage, wani uda, gaba baƙi baya fari, mai ƙaho murɗaɗɗe kamar an zana. Ɗan Tasha take ce masa, don a bakin tasha ta same shi kwance ana shirin yanka shi kafin ya zama mushe. Da cokali ta riƙa ba shi kunu har ya miƙe. Masu kuɗi sun taya, ta ce ba na sayarwa ba ne, na Baba ne.

Kowace safiya bayan ya idar da lazimi, Baba Soja sai ya lallaɓa da sandarsa zuwa turke ya yi abin da Zuliha ke kira faretin rago. Ya shafa ƙafafu huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe baki ya taɓa haƙora, ya bi kunnuwa da yatsa ko akwai tsaga, ya zagaya ƙaho tun daga tushe har tsini. Yana yi yana karanto sharuɗɗa kamar mai bitar allo.

"Ba gurgu, ba mai ido ɗaya, ba ramamme, ba majinyaci. Karyayyen ƙaho kuwa, in ya warke ba laifi. In yana jini, nama ne kawai, ba layya ba."

"Baba, jiya ma ka faɗa," in ji Batulu.

"Gobe ma zan faɗa. Soja ba ya gajiya da duba bindigarsa."

Tsoron Batulu duk a kan ɓarayin waje yake, har ƙaya ta jera a kan katanga. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Tana da ƙane, Baballe, uwa ɗaya uba ɗaya, mai dakon goro a tasha. Saurayi ne mai fara'a, hula kullum a karkace, bakinsa kamar an shafa zuma. Ya daɗe yana zagaya turken yana cewa, "Yaya, wannan wuyan ai asara ne a ce wuƙa kaɗai za ta ci moriyarsa." Takan jefe shi da mara ta ce ya ɓace mata da gani, ta ɗauka wasa ne.

Ranar wata Lahadi, washegarin da watan Babbar Sallah ya tsaya, ta fita neman dusa wajen masu koko. Tana dawowa ta ga turke tsaye shi kaɗai. Ba a yanke igiya ba, kwance ta aka yi a tsanake.

"Baba, ina Ɗan Tasha?"

"Baballe ya kai shi rafi wanka. Na ce ya kula da kunnuwa kada ruwa ya shiga."

Ta ajiye ƙwaryar dusa, ta ɗaura gyale a ƙugu, ta fita. Ba rafi ta nufa ba. Kowa a Zango ya san filin Balarabe, bayan rumbunan goro, inda ake karon raguna da faɗan zakaru ranar da ma'aikatan reluwe ke hutu. Kowa ya sani, kowa yana yi kamar bai sani ba. Mace mai mutunci ba ta taka wurin. Tun daga nesa ta jiyo kalangu da ihu.

Abin da ta fara cin karo da shi zakaru ne, waɗanda ake ɗumama fili da su kafin manya su shigo. An aske musu zanko, an ɗaura musu guntun reza a ƙafa. Ɗaya ya faɗi, idonsa guda yana reto a kumatu. Mai shi, dattijo da furfura a gemu, mutumin da ta sha gani da carbi a hanyar masallaci, ya ɗauke shi ya cusa kan zakaran cikin bakinsa, ya tsotse jinin da ya toshe masa numfashi, ya tofar, ya sake jefa shi cikin da'ira. Aka yi shewa. Wurin wari yake, na zufa da giyar ogogoro da jinin da ƙasa ta sha ta ƙoshi. Hausawa, Yarabawa, mutanen reluwe masu gajeren wando, duk an zama uwa ɗaya uba ɗaya, hannuwa a sama ana miƙa kuɗin caca.

Ta kutsa tana ture maza da gwiwar hannu. Wani ya ce, "Kai, yau har da zawarawa?" Wani ya ce, "A ba ta wuri, ƙila tana da zakara a zane." Ba ta ko waiwaya ba, don ta hango shi.

Ɗan Tasha ne a tsakiyar fili, an shafa masa shuni a goshi. Baballe ya matse kansa a hammata yana ɗura masa ogogoro daga kwalba, wani kuma yana hura masa garin barkono a hanci. Ragon da ke cin dusa a tafin hannunta, yanzu idanunsa sun yi ja, yana kumfa. A ɗaya gefen ga ragon Balarabe, wani jibgege da ake kira Aradu, goshinsa duk tabo. Ashe an jima ana yi. Ta buɗe baki ta ƙwala wa Baballe kira, kalangu ya haɗiye muryar.

Aka ja kowanne baya-baya, aka sake. Suka taho a guje. Ƙarar da ta tashi, Batulu ta ce ba ta da abin kwatanta ta sai lokacin da ake haɗa tarago da tarago a tasha. Har cikin haƙoranta ta ji. Aka sake ja, aka sake saki. Taron yana ƙirgawa da baki ɗaya kamar masu amshi. A karon da ya biyo baya Aradu ya durƙusa, jini ya ɓalle masa ta hanci, ya kifa. Fili ya kece. Ɗan Tasha na tsaye yana layi, ƙahonsa na hagu ya karye daga tushe, fata kaɗai ta riƙe shi, jini yana bin idonsa yana ɗiga.

Baballe ya gan ta, ya taho da gudu hannuwa a buɗe, fuska kamar an ba shi sarauta.

"Yaya! Ya ci! Wallahi ya kayar da Aradu!"

"Dubi kansa."

"Ƙaho ne fa kawai, Yaya, ai ba a cin ƙaho."

"Ragon layyar ubanka ne, la'ananne. Dubi kansa na ce!"

Ya waiga. Sai a sannan dariyar ta fara sauka daga fuskarsa. Shi kuwa Balarabe, wani dogo mai haƙorin makka da farar riga tas, ko kallon nasa ragon da ke shure-shure a ƙasa bai yi ba. Idonsa na kan Ɗan Tasha, yana murmushi.

Nan aka busa usur. 'Yan sanda suka ɓullo ta cikin gonakin goro da kulake, fili ya watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Dattijon nan mai furfura ya tsallake shinge kamar ɗan shekara ashirin. Balarabe bai yi gudu ba, tafiya ya yi abinsa, ba wanda ya tare shi. Wanda aka samu da igiyar rago a hannu shi aka kama, wato Baballe, da wasu tsirarun da giya ta hana gudu. Aka tattara matattun zakaru a buhu, aka ɗaga Ɗan Tasha aka wurga a bayan mota. Batulu ta riƙe ƙarfen motar tana cewa nata ne, da Hausa, da Yarabanci. Wani ɗan sanda ya ɓamɓare yatsunta ya ce mai magana ya zo caji ofis.

Da ta koma gida ba ta ɓoye wa Baba Soja komai ba. Ya saurara har ta gama, hannunsa a kan sanda.

"Daga tushe ya karye?"

"Daga tushe, Baba."

"In an wanke an ɗaure da wuri, yana iya ƙafewa kafin Sallah. Je ki karɓo shi, Uwata." Can ya ƙara da cewa, "Ki tafi wa yaron nan da tuwo."

Ta je washegari, aka ce saje ba ya nan. Ta koma, aka ce ya fita aiki. Kullum sai ta miƙa kwanon tuwo a ƙofa, a tsoma cokali a bincika, a ce ta dawo gobe. Ragon kuwa ba a bari ta gan shi ba. Sai da wata ya yi kwanaki sannan ta samu saje a kan kujerarsa, wani mai ƙiba da ke Hausar bariki. A kan teburinsa ga ƙahon Ɗan Tasha, an ƙarasa cire shi, an rataya masa 'yar takarda da zare.

Ya sa aka kai ta bayan ofis. An ɗaure ragon a jikin wani ƙarfe, a tsakiyar rana, kusa da buhun zakarun da ya kumbura yana tsiyaya. Ba ruwa, ba ko ganye. Ƙudaje sun rufe rabin kansa kamar an sa masa baƙar hula. Da ta kore su, sai ta ga ramin ƙahon yana motsi. Tsutsa ce, fari fat, tana cin sa da rai. Ya ɗago kai da ya ji warin jikinta, ya yi ƙoƙarin kuka, murya ba ta fito ba. Batulu ta juya ta yi amai a gindin katanga.

Ta goge baki ta koma ciki.

"Oga, da wane laifi kuka kama su?"

"Caca. Da wahalar da dabba. Dokar gwamnati ta hana."

"To ku ba shi ruwa mana."

"Mama, wannan yanzu ba dabba ba ne, shaida ne. Ba a taɓa shaida sai majistare ya gani."

"Yaushe zai gani?"

"Bayan Sallah."

Ta ce masa ragon layyar tsoho ne, makaho, wanda ya yi wa gwamnatin nan soja tun kafin a haifi saje. Wannan ya ɗan taɓa shi. Ya sosa ƙeya, ya ce hanya ɗaya ce. In da yardar mai rago aka kai shi fili, to rago na gwamnati ne har a gama shari'a, ita ma a rubuta sunanta. In kuwa ba da saninta aka kwance shi ba, sai ta faɗa a rubuta, ta dangwala yatsa, ta ja abinta, ƙahon nan ya ishi kotu. Sai dai fa, in ji shi, ta sani cewa wanda ya kwance dabbar wani ba izini, sunan abin sata, kuma hukuncin sata ba irin na caca ba ne.

Ɗakin da aka kulle su Baballe yana jikin ofishin, ƙofar sanduna ce. Ya ji komai.

"Yaya," ya ce, fuskarsa a tsakanin ƙarafa. "Yaya Batulu. Ɓarawo za ki mai da ni a kan rago?"

"Ni na kwance shi daga turke?"

"Na rantse niyyata in ya ci in saya wa Baba riga ta Sallah."

"Ka ce wa makaho wanka za ka kai shi. Har ya ce ka kula da kunnuwa."

"Ki bari bayan Sallah mana, tara kawai za a ci mu. Baba ya yi layya baɗi."

Ta dube shi. Ita ta goye shi lokacin da uwarsu ta rasu, ta san kowane tabo a ƙafarsa. Ta tuna tarin da ke tashin tsohon kullum da asuba, wanda ba ya jin magani. Wa ya ba su baɗi? Ta juya ga saje ta ce ya rubuta, ba da saninta ba ne, kuma gaskiya ce. Ta dangwala. Baballe ya zage ta da Yarabanci, zagin da ba a yi wa yaya. Ta tura masa kwanon tuwonsa ta ƙarƙashin ƙofa, ta fita neman mai amalanke.

A amalanke aka kawo Ɗan Tasha gida. Ta dafa ruwan gishiri ta wanke ramin, ta zauna da tsinke tana zaro tsutsa ɗaya-ɗaya tana jefawa a wuta. Ta ɗiga kananzir, waɗanda suka shige ciki suka fito. Ta cika wurin da garin taba da man kaɗanya, ta naɗe da tsumma mai tsabta. Warin ya hana kowa cin abinci a tsakar gida. Matan unguwa suka yi ta shigowa jaje, jajen da rabinsa gori ne.

"Batulu, hannunka fa ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," in ji wata tsohuwa.

"Ai ban yar ba, Inna. Ajiya na ba gwamnati."

Ragon ya fara cin dusa, ya fara tsayawa da ƙafafunsa. Bakin ciwon ya soma ƙafewa daga gefe. Baba Soja ya daina faretin safe, ya ce kada hannunsa ya fama. Amma ta sha ganinsa zaune kusa da turke yana wasa wuƙarsa a dutse, a hankali, yana gwada kaifin a farce.

Ranar Sallah aka riƙo hannunsa daga idi. Bai ko tuɓe rigar ba ya ce a kai shi turke. Batulu ta warware tsumman. Ya bi ƙafafu, ya bi haƙora, ya bi kunnuwa, ya bar wurin ciwon sai ƙarshe. Ya ɗora yatsu biyu a kututturen, ya danna kaɗan, ya kai hanci, ya murza.

"Da saura," ya ce. "Akwai gobe, akwai jibi."

Unguwa ta cika da ƙaurin babbaka da ƙamshin suya. Maƙwabta suka aiko da nama, aka karɓa aka yi godiya. Washegari ya sake dannawa, yatsun suka sake fitowa da danshi.

A rana ta uku, wadda in ranarta ta faɗi layya ta wuce sai wata shekara, bayan la'asar aka yi sallama. Batulu ta leƙa zaure. Balarabe ne, da farar rigarsa, riƙe da igiyar wani balami fari sol, mai tsayi kamar maraƙi.

"Barka da Sallah, 'yar Baba. Na ji abin da ya faru, wallahi ban ji daɗi ba. Ga wannan, a kai wa tsoho ya yi layyarsa. Ba na son ko anini."

"Sai me?"

"Sai ki ba ni wancan majinyacin in rage miki wahala."

"Ka yi me da shi?"

Ya yi dariya, haƙorin makka ya haska. "Mai ƙaho ɗaya da ya kashe Aradu? Ai har daga Ikorodu za a zo kallo. Maƙeri zai yi masa hular ƙarfe a wajen, shi ke nan." Ya rage murya. "Rana tana tafiya fa. Baba kuma ba gani yake ba, ba sai an ce masa daga ina ba."

Hannun Batulu ya riga tunaninta, ya sauka a bayan balamin. Nama ne cike, ƙugu kamar an dama. Ta duba ido, ta duba kunne, ta duba kofato. Ba aibi ko na ƙwayar gero. Daga ɗaki ta jiyo tarin tsohon. Inuwar katanga ta riga ta cinye rabin tsakar gida. Ta sa ƙanenta a kurkuku don wannan yinin, yanzu ga shi an kawo mata har zaure. Ta karɓi igiyar. Zuliha ta ce uwarta ba ta taɓa musun wannan ba, ta karɓa, har ta naɗe ta a hannu.

Balarabe bai jira a ce ya shigo ba. Ya wuce ta kai tsaye zuwa turke, ya tsuguna gaban Ɗan Tasha. Bai dafa bayansa ba. Ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa goshin, daidai gefen ciwon, don ya ga ko har yanzu zai sunkuyar da kai. Ragon ya ja baya har igiya ta ƙare, jikinsa na ɓari, fitsari na zuba. Ya sake ƙwanƙwasawa da ƙarfi. A hankali Ɗan Tasha ya sunkuyar da kai, ya kafa ƙafafu. Wani jan layi ya ɓullo ta cikin tsumman.

"Ka gani!" in ji Balarabe cikin murna. "Da sauran wuta!"

Batulu ta warware igiyar daga hannunta ta jefa masa a kafaɗa.

"Ja kayanka."

"Haba 'yar Baba, ki yi tunanin tsoho."

"Ja kayanka ka fita kafin in ɗauko taɓarya. Kuma ka wanke hannun nan kafin ka ci abinci, in kana wankewa."

Sauran maganar da Yarabanci ta yi ta, har bakin titi, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Da ta dawo sai ta tarar da Baba Soja ya fito, yana zaune a kan buzunsa, wuƙa a cinya. Ta durƙusa za ta fara bayani.

"Na ji," ya ce. "Makaho ne ni, ba kurma ba."

"Ka yafe mini, Baba."

"Yaya bayansa yake, farin?"

"Cike yake."

Ya gyaɗa kai. "Da kin shigo da shi, ban san ko zan iya cewa a'a ba, Uwata. Ina zaune ina addu'ar ki karɓa, ina addu'ar kada ki karɓa." Ya juya fuskarsa yamma, ya zauna haka ba motsi. Ba ya ganin rana, amma yana jin ɗuminta a goshi. Da ɗumin ya bar fuskarsa, ladan ya ɗaga murya, sai ya miƙa mata wuƙar.

"Mayar da ita kube."

Bai ga wata Babbar Sallah ba. Da damina ta yi tsakiya tarin ya kwantar da shi, ya cika. Baballe ya yi watanninsa a gidan yari, ya fito ana saura kaɗan tsohon ya cika, ya samu ɗaukar makara. Bayan sadakar bakwai ya koma Apapa aikin mota. Yakan zo Agege, yakan ci tuwon Batulu, amma har ya tsufa in ya so tsokana sai ya ce, "Ina Yaya mai dangwale?" Ita kuma ta ce, "Ga ta, ɓarawon wanka." Wani lokaci a yi dariya, wani lokaci ba a yi ba.

Da shekara ta zagayo, kututturen ƙahon ya warke ya yi tauri kamar dutse. Ta kira liman ya duba, ya ce ya halatta. Da wuƙar Baba Soja aka yanka Ɗan Tasha. Ta rabar da naman kaf, ta roƙi Allah ya kai ladan kabarin tsohon, ita ko tsoka ba ta iya kaiwa baki ba.

Filin Balarabe bai mutu ba. Duk gabanin Sallah a busa usur, a kama mai igiya a hannu, a ɗaure shaida a rana, bayan kwana biyu kalangu ya ci gaba. In ta jiyo shi daga tsakar gida, sai ta tofar da yawu ta shige ɗaki.

Ta ci gaba da turka har ƙarfinta ya ƙare, raguna nawa suka bi ta hannunta Allah kaɗai ya sani. Dillalai sun san halinta, sukan gargaɗi baƙo tun daga zaure, amma hannu ba ya jin gargaɗi. Mutum zai shigo da babbar riga da carbi, ya yi sallama mai kyau, ya tsuguna gaban rago, sai ka ga yatsunsa sun dunƙule sun nufi goshi. Batulu ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya.

"Alhaji, wannan an sayar."

"Wancan fa?"

"Shi ma."

"To wanne ya rage, Mai Turke?"

"A gare ka? Turken. Shi ba ya jini."